Ɗinkin bargon ƙyallaye ne ya sake ba ni abin da zan miƙa wa mutane bayan doguwar jinya

Na rubuta wannan ne domin waɗanda jinya ta zaunar a gida, ƙarfinsu ya ragu, abin hannunsu ya ƙare, amma zuciyarsu tana nan da son yi wa wani alheri. Na daɗe a cikin wannan hali, kuma ta hanyar allura da zare Allah ya kawo mini sauƙinsa. Zan faɗi yadda abin ya kasance, zan kuma faɗi yadda ake aikin dalla-dalla, don wadda ta ga za ta iya ta gwada.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ta koya mini riƙon allura tun ina firamare. Ba tela ba ce, amma ba ta yar da ƙyalle komai ƙanƙantarsa. Takan ce mini, "Ɗiyata, kada zarenki ya wuce kamu ɗaya, in ya yi tsawo cukurkuɗewa zai yi tun ba ki kai ƙarshen layi ba." Daga baya karatu ya ɗauke ni, na kama aikin ofis, na yi shekaru ban taɓa allura ba sai in maɓalli ya cire.

Haɗarin mota ne ya juya komai. Na samu karaya a ƙugu da rauni a ƙashin baya, aka yi mini tiyata, na kwanta kwanciya mai tsawo. Kafin in iya tashi zaune da kyau, aikin nawa ya riga ya tafi. Ciwon jiki yana da wuya, amma akwai abin da ya fi shi ci mini rai, kuma na daɗe ban iya faɗa wa kowa ba. Na zama mai karɓa kawai. A ɗaga ni, a kwantar da ni, a biya mini magani, a zo duba ni da abu a hannu, ni kuwa babu abin da nake mayarwa sai godiya. Babu wanda ya taɓa yi mini gori, ko sau ɗaya. Duk da haka na fara jin nauyin masu zuwa, har nakan rufe ido kamar mai barci in na ji sallama, don kada in sake cewa na gode.

Da ƙanwata ta samu juna biyu, abin ya kai mini iya wuya. Ni ce yayarta, ni ce ya kamata in fi kowa yi mata hidima, ga shi ko tsinke ba ni da halin saya. A daren da ta gaya mini na yi kuka sosai. Abin da nake da shi a lokacin kaya ne cike da akwati, rigunan auduga da na sa a shekarun aiki, waɗanda yawancinsu ba za su sake shiga ta ba. A kwance nake ina duba waya na ga bargunan da matan Gee's Bend, wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka, suka ɗinka da tsofaffin kayan aikin gona, har hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunan wasu daga ciki a kan sarki a 2006. Na kuma ga yadda matan Bangladesh da yankin Bengal na Indiya suke jera tsofaffin tufafinsu hawa-hawa su bi su da ɗinkin hannu, abin da suke kira kantha. Sai na yanke shawara cewa jaririn zai samu bargo daga hannuna, ko da zai ɗauke ni dukan watannin cikin.

Mai lafiya yana iya zama ya yi ta yanka da ɗinki har ya gaji. Ni ba ni da wannan damar, zama kaɗan bayana zai fara zogi. Wannan ya tilasta mini yin abin da yanzu nake ganin shi ne rabin aikin ga kowa, wato gama bargon a takarda kafin a taɓa almakashi. Lissafi da zane ana yinsu a kwance, ba sa buƙatar ƙarfi.

Ga lissafin bargon jariri, shi na fara da shi kuma shi nake ba duk mai koyo. Ana son faɗinsa inci 36, tsawonsa inci 48. In aka zaɓi murabba'i mai inci 4, za a samu 9 a kwance, 12 a tsaye, jimla 108. Amma ba inci 4 ake yankawa ba. Kowane gefe yana buƙatar rarar kwatan inci wadda ɗinki zai cinye, don haka inci 4 da rabi ake yanka kowanne. Ga mai sayen sabon yadi mai faɗin inci 42 zuwa 44, ziri ɗaya mai inci 4 da rabi yana ba da murabba'i 9, ziri 12 ke nan, wato yadi ɗaya da rabi, sai a ƙara kwata saboda karkacewar yanka. Ga mai amfani da tsofaffin kaya, sai a farke rigar, a cire wuya da hannu da duk inda aka yi kalmasa, a ɗaga sauran a gaban haske. Duk inda haske ya ratsa sosai, ko hammata da gwiwar hannu da suka sha jiki, a bar su. Ƙyalle ɗaya da ya mutu zai yage bayan wanki kaɗan ya bar rami a tsakiyar aikin wata da watanni.

Kada a haɗa yadi mai nauyi da mara nauyi a bargo ɗaya, domin mai nauyin yana jan ɗan'uwansa har ɗinkin ya buɗe. Yadi mai talewa irin na singileti ba ya tsayawa a ma'auni, sai an manna masa gam ɗin nan na dutsen guga a bayansa kafin a yanka. A kuma wanke komai tukuna, sabo da tsoho. Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, tsohuwa ta riga ta gama nata, in aka haɗa su ba wanki sai wani murabba'in ya ja wani. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi zuba. A jiƙa ƙyallen a ruwan ɗumi tare da ɗan farin tsumma, in tsumman ya ɗauki launi a sake wankewa, in ya ƙi dainawa a cire shi daga aikin komai kyansa.

Wajen jera launi, abin da ke fito da bargo shi ne bambancin haske da duhu, ya fi launin kansa muhimmanci. Nakan shimfiɗa murabba'an a kan gado, in ɗauki hoto da waya, in mayar da hoton baƙi da fari. Nan take za a ga inda masu duhu suka taru wuri ɗaya. In jerin ya yi, sai a tattara kowane layi daban, daga hagu zuwa dama, a maƙala masa takarda mai lamba. Wannan takardar ta taimake ni ƙwarai, domin akwai lokutan da ciwo ke hana ni taɓa aikin kwana da kwanaki, in na dawo sai in tarar da komai a inda na bar shi.

Yankan ya fi komai wahalar da ni. Da kwali mai tauri na yi ma'auni, ina zagaya shi da fensir a bayan yadin, ina yankawa da almakashi a kan faranti bisa cinyata. Kwali yana cinyewa a gefe in aka daɗe ana zagaya shi, sai murabba'an su riƙa raguwa ba a lura ba, shi ya sa ake sake auna shi da rula lokaci-lokaci a canza sabo. A daidaita gefen ma'aunin da yadda zaren saƙar ya miƙe, domin abin da aka yanka a karkace talewa yake yi. Akwai wuƙa mai kamar taya wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, tana yanka hawa huɗu lokaci ɗaya in an haɗa ta da faifan yanka da rula mai kauri. Tana rage aiki sosai, amma tana son a tsaya a danna da ƙarfi, kuma kaifinta kamar na reza ne, dole a rufe ta duk lokacin da aka ajiye. Sai da na samu ƙarfin tsayuwa na fara amfani da ita.

Kwatan incin nan da na ambata, a kansa aikin yake tsayawa ko ya lalace. Ɗauki misali ɗinki ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, abin da ido ba ya gani. Kowane ɗinki yana cin ƙyalle biyu, ya zama ɗaya cikin 8. A layi mai murabba'i 9 akwai ɗinki 8, an yi asarar inci guda cur. In layi na gaba bai yi irin wannan zarcewar ba, kusurwoyin ba za su taɓa haɗuwa ba. Gwajin yana da sauƙi. A yanka ziri uku masu faɗin inci ɗaya da rabi, a haɗa su, a goge, a auna na tsakiya. In ya ba da inci ɗaya daidai, hannu ya zauna. Mai keke ta manna salatif a kan farantin keken, kwatan inci daga allura, ta riƙa bin gefensa. Mai ɗinkin hannu ta ja layi da fensir. Ni da hannu na fara, don ƙafata ba ta iya taka keke a lokacin, kuma nakan koma baya da ɗinki ɗaya bayan kowane inci don ya yi ƙarfi. A keke, allura lamba 12 ko 14 da tazarar ɗinki milimita 2 zuwa 2 da rabi sun isa.

Guga kuma dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen gaba da baya, don ja yana tale yadin. Rarar layi na ɗaya a kwantar da ita dama, ta layi na biyu hagu, haka har ƙarshe. In aka zo haɗa layukan, rarar biyu za su shige juna, za a ji da yatsa sun zauna, sai a soka fil a wurin kafin a ɗinka.

Ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da na kusa barin aikin. Saman bargon ya kai rabi, ciwo ya dawo mini da ƙarfi, likita ya ce in rage zama. Ina kallon tarin ƙyallayen ina jin kamar su ma wani abu ne da na kasa. Yayana ya shigo ya ga halin da nake ciki, bai yi mini doguwar magana ba. Ya ɗauki layi ɗaya da na gama ya duba, ya ce, "Wannan ke kika yi shi a kwance?" Na ce eh, Yaya. Ya ce, "To saura nawa?" Na ce shida. Ya ce, "Ki yi mini ɗaya in na dawo in gani." Daga nan na daina duban bargo, na koma duban layi ɗaya. Wata rana murabba'i biyu kawai nake haɗawa in ajiye, kuma na koyi karɓar hakan a matsayin aikin yini.

In saman ya kammala, sai haɗa hawa uku: shafin baya, abin ciki, da saman. Shafin baya da abin ciki su fi saman girma da inci 3 zuwa 4 ta kowane gefe, domin ɗinki yana jan su ciki. Abin ciki shimfiɗaɗɗiyar auduga ce da ake sayarwa don wannan aikin, in babu ita tsohon bargo mara kauri da aka wanke yana yi. A shimfiɗa shafin baya, fuskarsa tana kallon ƙasa, a kafe gefunansa da salatif ya miƙe ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. In aka ja shi sosai, da an sake shi zai koma ya tattare saman. A ɗora abin ciki, a ɗora saman, a lallaɓa da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, sannan a bi da fil mai kulle, tazarar faɗin tafin hannu tsakanin kowane biyu. A ƙasa aka saba yin wannan, amma mai ciwon baya ta yi a kan tebur, ta gama tsakiya sannan ta ja aikin gefe-gefe. A nan na nemi taimakon 'yar maƙwabciyarmu, kuma wannan ne karo na farko tun bayan haɗarin da na nemi taimako ba tare da jin kunya ba, saboda abin da muke yi na wani ne.

Ɗinkin da ke ratsa hawa ukun daga tsakiya ake fara shi a nufi gefe, don duk wani kumburi ya samu hanyar fita. In aka fara daga gefe, rarar yadin za ta taru a tsakiya ta naɗe. Layuka miƙaƙƙu daga kusurwa zuwa kusurwar kowane murabba'i sun wadatar, kuma ba sa buƙatar zane mai yawa. Kada a bar fili mai faɗi babu ɗinki, don audugar ciki tana dunƙulewa a wanki; in an saye ta a leda, akan rubuta iyakar tazarar a jiki, in babu rubutu a tsaya a inci 4. A keke, haƙoran ƙasa suna jan shafin baya fiye da yadda saman ke tafiya, abin da ke kawo tattarewa ke nan. Akwai ƙafar keke ta musamman mai nata haƙoran da ke jan sama da ƙasa tare. Wadda ba ta da ita ta buɗe tazarar ɗinki zuwa milimita 3, ta sassauta dannawar ƙafar, ta tafi a hankali, ta kuma tallafe nauyin bargon a kan tebur kada ya rataya yana jan allura.

Rufe baki shi ne na ƙarshe. Kewayen wannan bargon inci 168 ne, a ƙara 12 saboda kusurwoyi da haɗi, ya zama 180. Ziri 5 masu faɗin inci 2 da rabi, daga yadi mai faɗin inci 42 zuwa 44, sun isa. A haɗa su a karkace don kada kauri ya taru wuri ɗaya, a ninka biyu a tsawonsu a goge, a ɗinka ta gaba, a juya baya a kama da hannu. A kowace kusurwa a tsaya saura kwatan inci, a ɗaga zirin sama, a dawo da shi ƙasa, sai kusurwar ta fito tsaf.

Abin da za a ba jariri yana da nasa sharaɗi. Babu maɓalli, babu duwatsun ado, babu ƙullin zare da yatsa zai iya ja. Likitocin yara kuma suna gargaɗi kada a rufa wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba bargo yana barci, saboda haɗarin toshewar numfashi. Don haka na gaya wa ƙanwata ta riƙa shimfiɗa masa shi a ƙasa yana wasa idonta na kansa, in ya girma ya rufa. Da na miƙa mata, ta daɗe tana shafa wani murabba'i mai ruwan ƙasa, ta gane rigar da na sa ranar da na fara aiki. Ta ce, "Yaya, kin yanka wannan?" Na ce mata ta fi amfani a nan. Ranar ni aka yi wa godiya, na kuma ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Bayan wannan na buɗe littafi. A farkon shekara nakan rubuta mutanen da nake son yi wa kyauta da lokacin da ake buƙatarta, sannan in ƙirga baya. Bargo nakan ba shi ninki biyu na lokacin da nake zaton zai ci, domin jikina ba ya yin alkawari. Babban aiki ɗaya kawai nake riƙewa a lokaci guda, sauran ƙanana ne, waɗanda ake gamawa a zama biyu ko uku. Rigar matashi mai buɗewa ta baya ba ta buƙatar zik: ga matashi mai inci 18, gaba inci 18 da rabi ta kowane gefe, baya guda biyu masu 18 da rabi da 12 da rabi, a yi wa kowanne kalmasa ta inci ɗaya, su hau juna da kimanin inci 4. In hawan ya gaza haka, bayan zai riƙa wangalewa. Abin sauke tukunya kuwa murabba'i ne mai inci 8, da auduga zalla hawa biyu a ciki. Kada a sa masa abin ciki ko yadi na roba, zafi yana narkar da shi ya manne a hannu. Jakar hannu kuma wajen maɗauri take fara mutuwa, sai a ɗinka akwati da gicciye a cikinsa a duk inda maɗaurin ya haɗu da jiki.

Kafin in yanka wa mutum abu nakan tambayi kaina yadda zai yi amfani da shi. Gida mai ƙananan yara ba ya son farin yadi. Tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi bargo mara nauyi take so, ɗan madaidaici da zai rufe cinya zuwa ƙafa ba tare da ya ja ƙasa ba. Ina kuma haɗa kowace kyauta da 'yar takarda: a wanke da ruwan sanyi, kada a matse da ƙarfi, a shanya a inuwa. Ba kowa ne zai gane yawan aikin da ke ciki ba, wani zai karɓa ya ajiye a akwati, kuma na daina barin wannan ya dame ni. Na dai fi son in ga abin da na ɗinka ya koɗe saboda amfani.

Yanzu alhamdu lillahi ina tafiya da sanda, ina kuma taka keke, ko da yake sai na sa ƙaramin matashi a bayana, in riƙa miƙewa ina zagayawa tun kafin zogi ya fara. Teburin yanka na sa an ɗaga shi ya kai ƙasa da gwiwar hannuna kaɗan, don kada in sunkuya. Ban koma aikin ofis ba, kuma akwai ranakun da rashinsa ke damuna har yanzu. Aikin da ke gabana bargo ne na mahaifiyata, wadda ta yi jinyata tun daga asibiti har na tashi. Wannan karon alwatika nake haɗawa: in yanka murabba'i biyu masu inci 5, mai haske da mai duhu, in haɗa fuskokinsu, in ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, in ɗinka kwatan inci ta kowane gefen layin, in yanka a kansa, in goge, in datse kowanne ya koma 4 da rabi. Ta riga ta ga ƙyallayen ta ce kore ya yi yawa, don haka na cire layi biyu na mayar da ruwan toka, kuma in Allah ya yarda zan gama shi kafin sanyi ya shigo.